Kafin ka ɗora hoton gawar, an faɗa wa uwarsa?

Gwaggona tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai ta ji rasuwar ɗanta. Yarinyar maƙwabta ce ta shigo aron rariya, waya a hannu tana duba sitatus ɗin WhatsApp, sai ta tsaya ta ce, "Inna, wannan ba Yaya ba ne?" Ta miƙa mata. Ga shi kwance a gefen titi, an yafa masa wani ƙyalle da bai kai ƙafa ba, ga takalmin da ya fita da shi da safe. An rubuta Innalillahi a ƙasa. A lokacin mu muna ƙofar asibiti muna shawarar wa zai je ya same ta, da kuma ta inda zai fara. Mai hoton ya riga mu da kusan awa biyu.

Na tabbata da za a tambayi wanda ya ɗauka, cewa zai yi addu'a yake nema wa mamacin. Na kuma yarda bai nufi sharri ba. Amma da hannunsa ya ƙwace wa tsohuwar nan wani haƙƙi da iyayenmu suka daɗe suna kiyayewa.

Bahaushe yana da yadda yake kai labarin mutuwa. Ba a aiken yaro. Dattijo ake nema, ko aminin uba, ko limamin unguwa. Zai yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a gaisa a tsanake. Sai ya ce an ɗan yi hatsari, jikin ya matsa, a sa shi a addu'a. Kafin nan an aika wa 'yan'uwanta mata, sun fara shigowa ɗaya bayan ɗaya kamar hanya ce ta biyo da su. Sai an ga ta zauna, ga mai riƙe ta a gefe, sannan a ce, "Sai haƙuri, wane ya riga mu gidan gaskiya." Idan mai ciki ce, ko mai hawan jini, ko tsoho da ke kwance, akan yi shawara ta daban. Ko sanarwar rasuwa da muke ji a rediyo, iyalan ne suke kai ta da kansu, bayan na jiki sun ji. Duk wannan kewaye-kewayen jinƙai ne, domin an san labari yana iya kayar da mutum kamar yadda mota take kayarwa.

Sai batun sutura. An koya mana cewa amintacce ake ba wankan gawa, kuma abin da ya gani ba ya faɗa. A lulluɓe ake wanke ta, a lulluɓe ake ɗaukar ta a makara. Yau kuwa mutum yana numfashin ƙarshe a bakin hanya, an zagaye shi da wayoyi, mai kama shi a sa a mota sai an nema. A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, mutane suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Washegari bidiyon yana kowane zauren WhatsApp da nake ciki, har na 'yan ajinmu na sakandare. Kowane ɗaya daga cikin waɗanda ke cikin wutar nan yana da uwa ko mata ko ƙanwa mai waya.

Wannan fa idan hoton gaskiya ne. A watan Yunin 2018, bayan hare-haren da aka kai ƙauyukan yankin Gashish a Barikin Ladi, inda aka kashe mutane da dama, an cika Facebook da hotunan gawarwaki ana cewa daga can ne. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna wasu daga cikinsu ba na can ba ne, ɗaya ma a Kongo aka ɗauke shi tun 2012. Washegarin harin matasa suka tare hanyoyi a Jos, aka fito da matafiya daga motoci aka kashe, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. 'Yan sandan Filato da kansu sun ce hotunan sun ƙara wa wutar mai. Wanda ya tura irin wannan hoton daga ɗakinsa a Kano ko Enugu yana ganin bai taɓa kowa ba.

Mu kuma san kasuwar da muke ciki. Kamfanonin da suka mallaki kafofin sada zumuntan nan da talla suke samun kuɗi, ribarsu ita ce daɗewarka kana kallo, don haka abin da ya fi tsayar da yatsa shi ake turowa gaba, kuma ba abin da ke tsayar da yatsa kamar jini da tashin hankali. Su ma sun san ɓarnar. Bayan jita-jitar satar yara ta sa an kashe mutane a Indiya, WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar kacal a lokaci guda, ya kuma faɗaɗa dokar zuwa duk duniya a farkon 2019. Sai dai ba dokar kamfani da za ta shiga tsakanin yatsanka da zuciyarka. Mu da muke haddace aya ta 6 a Suratul Hujurat, wadda ta ce a bincika labari kafin a cutar da wasu cikin jahilci, ya kamata a ce mun fi kowa nauyin hannu.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ban raina shi ba: in ba a nuna ba, ba a yarda. Shekaru ana kashe mutane a ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, sau da yawa sai da 'yan yankin suka ɗora a Facebook sannan aka waiwaye su. Ni ma na ga marasa lafiya da aka tara wa kuɗin aiki, na ga yaran da suka ɓata aka gano ta wannan hanya. To amma ana iya faɗin sunan ƙauye, da yawan waɗanda aka rasa, da muryar wanda ya tsira, a nuna kaburbura ko gawa cikin likkafani, ba tare da an buɗe fuskar ɗan wani ba. Ana kuma iya jinkirta awa uku har iyali su ji. Gaggawar nan mafi yawanta ta "ni na fara sakawa" ce.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da yake yi mana mu masu kallo. Ka ga gawa, ka ja sama, ga mai barkwanci, ka ja, ga mai tallar atamfa, ka ja, ga wata gawar. Muna yara, in aka wuce da makara wasa yake tsayawa, ranar ko abinci ba ya shiga sosai. Na kama kaina ina kallon irin wannan bidiyo ina cin tuwo, ban ajiye loma ba. Daren kuma barci ya ƙi zuwa, ƙirji ya yi nauyi.

Bayan sadakar bakwai muka yi magana a zauren danginmu: ba mai ɗora rasuwar kowa sai babban yayanmu ya ce an sanar da na gida, kuma ba hoton gawa ko ta wane ne. Ranar arba'in gwaggo ta kira ni ɗaki, ta rage murya, ta ce, "Ɗan nan, hoton nan har yanzu mutane suna ganinsa?" Na je na bincika, na same shi a shafuka huɗu na Facebook. Na rubuta musu ɗaya bayan ɗaya ina roƙo. Biyu sun cire, sun ba da haƙuri. Ɗaya bai amsa ba. Na huɗun ya ce ai wa'azi ne ga masu gudu da mota.