Kafin a Zauna Teburin Shawara, Wa Ya Tsara wa Baƙo Hanya?

Duk wanda ya tashi a Bauchi ya san yadda ake tarbar babban baƙo: a shafe duwatsun bakin titi da farar ƙasa, a jera 'yan makaranta da tutoci tun hantsi, a wuce da shi fada, a cika shi da kabakin abinci, kafin la'asar ya kama hanya yana cewa ya ga gari. Abin da ya gani kuwa bai wuce abin da masu masaukinsa suka zaɓar masa ba. Idan gaisuwa ce ta kawo shi, babu laifi. Amma idan rahotonsa ne za a ɗora a kan teburin da za a yanke makomar ƙasar da ke hannun 'yan mulkin mallaka, to wanda ya tsara masa inda zai sauka da waɗanda zai gana da su ya riga ya yanke rabin hukuncin.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Mubi, Gwoza, Dikwa, Gashaka da tsaunin Mambila duk suna cikin yankin da ake kira Arewacin Kamaru, wanda aka ƙwace daga Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga bisani Ingila ta riƙe shi amana a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya, tana mulkinsa haɗe da lardunan Arewacin Nijeriya. A 1958, lokacin da ɗan Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, yake Firayim Minista, Majalisar ta aiko da tawaga domin ta ji ra'ayin jama'ar yankin. Tawagar ta koma da labarin cewa bakin mutane ya zo ɗaya a kan zama cikin Jihar Arewa, har ba ta ga buƙatar ƙuri'ar raba gardama ba.

Da Majalisar ta dage aka kaɗa ƙuri'ar a watan Nuwamban 1959, sai kusan kashi 62 cikin 100 suka zaɓi a ɗage maganar zuwa gaba. Ba ƙin Nijeriya ne ya fi damun yawancinsu ba. Mulkin En'e suka gaji da shi, musamman hakiman da ake turo musu daga Yola. A ganina, irin wannan kuka ba ya isa kunnen baƙon da ya sauka a gidan Razdan (Baturen mulkin lardi), hakimi yana gefensa, ma'aikacin En'e yana yi masa tafinta. Wane manomi ne zai kai ƙarar hakimi alhali dogari yana tsaye a bakin zaure? Sai da aka sauya tsarin mulkin yankin, Sardauna da mutanensa suka shiga lungu da saƙo suna lallashi, sannan a Fabrairun 1961 kimanin kashi 60 suka zaɓi Nijeriya, yankin ya zama Lardin Sardauna.

Saboda haka nake ganin kuskure ne a bar tsara irin wannan ziyara a hannun jami'an tarbar baƙi kawai, waɗanda damuwarsu ita ce wa zai zauna a kujerar gaba. Ya kamata tawaga ta zo da nata tafintan, ta ware kwanakin da za ta gana da jama'a ba tare da idon hukuma ba, ta kuma je wuraren da mota ba ta kaiwa cikin sauƙi, ko da masu masauki za su ɓata rai.

Maganar ba ta tsufa ba. Ingila ta raba tsibiran Chagos da ke Tekun Indiya daga ƙasar Morishus a 1965, ta kwashe mazaunansu domin Amurka ta kafa sansanin soja a Diego Garcia, ɗaya daga cikin tsibiran. Jakadun Ingila da Morishus sun yi ta kai da komo kafin su sanar, a Oktoban 2024, cewa za a mayar wa Morishus da tsibiran, sansanin kuma ya ci gaba da zama na tsawon shekara 99. Wata ƙungiyar 'yan asalin tsibiran da ke zaune a Ingila ta ce ita a kafafen yaɗa labarai ta tsinci zancen.