Bidiyon “koyon dabara” da ke ƙona wayoyi ba barkwanci ba ne

A watan Mayun 2025 sai da aka fitar da ɗalibai daga ajujuwa a wasu makarantun Amurka saboda hayaƙi. Dalili kuwa wani wasa ne da ya yaɗu a TikTok, inda yara ke cusa bakin fensir ko guntun ƙarfe a ramin USB na kwamfutocin Chromebook da makaranta ta ba su, suna ɗaukar hayaƙin a bidiyo suna dariya. Labarin ya zagaya. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne amsar da har yau ake bayarwa duk lokacin da irin wannan ya faru: ai wasa ne, wanda ya yarda kuma shi ya jawo wa kansa.

Wannan magana ba ta da tushe, kuma duk mai gyaran waya ya san haka.

A ramin USB akwai ƙafar da ke ɗauke da wuta, bolt 5 a mafi ƙaranci, da kuma ƙafar da ke mayar da ita. A nau'in ramin da ake kira USB-C ƙafafu 24 ne jere a wurin da bai kai faɗin farce ba, kuma wutar caji a kwamfuta tana iya kai wa bolt 20. Baƙin abin rubutun da ke cikin fensir yana barin wutar lantarki ta bi ta jikinsa. Da zarar ya haɗa ƙafafun nan biyu, wuta ta sami gajeriyar hanya, wurin ya yi zafi, roba ta narke. Idan an yi sa'a, na'urar kariya ta katse wutar, asarar ta tsaya a ramin caji ko a fanel, wato allon da ke ɗauke da kayan cikin na'urar. Idan zafin ya isa batir, magana ta canza. Batirin litiyom yana da wata 'yar fata siririya, wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, tsakanin ɓangarorinsa biyu. Ta narke ko ta huje, batirin zai fara dafa kansa da kansa, ya kumbura, ya fesar da hayaƙi mai guba, kuma cire caja ba ya tsayar da shi.

Yaro ɗan shekara goma sha biyu bai san wannan ba. Babban ma da yawa bai sani ba. To ta yaya rashin sanin abin da ba a taɓa koya maka ba ya zama wauta?

Kuma ba yau aka fara ba. A watan Satumbar 2013 aka yaɗa tallan bogi mai kama da na Apple sak, wai sabuwar manhajar iOS 7 tana sa ruwa ba ya yi wa iPhone komai. Manhaja ba ta toshe ƙofar da ruwa ke shiga, roba da gam ne ke yin wannan aikin. Shekara ta zagayo aka sake fito da wani, mai suna Wave, wai iOS 8 tana ba ka damar cajin waya a na'urar ɗumama abinci ta maikurowef, har sai da 'yan sandan Los Angeles suka fito suna gargaɗi. Ita wannan na'ura tana zuba wat 700 zuwa 1,000 ne a kan duk abin da ke cikinta, alhali cajar da ake ɗora waya a kai ba tare da igiya ba yawanci wat 5 zuwa 15 take bayarwa, ta hanya dabam kwata-kwata. Ƙarafunan cikin wayar su yi tartsatsi, batirin ya kama. A Fabrairun 2016 aka ce wa mutane su mayar da kwanan watan iPhone zuwa 1 ga Janairun 1970 za su ga tsohon tambarin Apple, wayoyin suka ƙi tashi bayan an kashe su. A Satumbar shekarar kuma, da Apple ya cire ramin iyafis mai milimita 3.5 daga iPhone 7, tashar TechRax ta YouTube ta saki bidiyon da ake huda wayar da injin huji wai don a buɗe ramin da aka ɓoye. Miliyoyin mutane suka kalla. Babu wani rami a ciki, kiɗan da aka ji a bidiyon daga sifikar wayar yake fitowa.

Duba abin da ya haɗa su duka. Babu wanda ya zo da fuskar barkwanci. Kowanne ya sa rigar malami ne, mataki na ɗaya, mataki na biyu, murya a natse, tambarin kamfani a gefe. Dariyar ba ta samuwa sai wani ya yarda ya yi asara, ita ce ribar da aka ƙulla abin a kanta tun farko. Mu da muka tashi cikin wasan taubasai da na Fulani da Barebari mun san ƙa'idar zolaya: ɓangarorin biyu sun san wasa ake yi, kuma ba a rabuwa wani na kukan dukiyarsa. Wanda ya koya maka ƙarya da gangan don kayanka su lalace, sunan aikinsa yaudara, ko da ya yi dariya a ƙarshe.

Masu kare masu yin irin waɗannan bidiyoyi na cewa ai an rubuta “kada ka gwada a gida” a ƙasan bidiyon. Rubutun ba ya bin bidiyo tafiya. Wani zai sauke shi, ya yanke daƙiƙa talatin na tsakiya, ya ɗora murya da Hausa, ya jefa a guruf ɗin WhatsApp na dangi. Wanda ya gani a can bai san tashar da ta yi shi ba, bai ga sharhin da ake ta dariya a ƙasa ba, ɗan'uwansa kawai ya sani da ya turo. Kuma a inda wutar NEPA ke yin kwanaki ba ta zo ba, duk bidiyon da ya ce ga dabarar caji kyauta zai sami mai gwadawa, don buƙata ce ta gaske. Haka wasan zura kwabo tsakanin caja da soket da ya yi tashe a 2020: a Amurka wutar gida bolt 120 ce, a Najeriya da Nijar ta haura 200. Abin da ya ƙona bango a can, a nan yana iya ɗaukar rai.

Wasu kuma su ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, wai mai kallo ya yi bincike. Wannan hanya ce kawai ta wanke mai laifi. Shi ya san abin da ke cikin batir, mai kallo bai sani ba, kuma kuɗin talla aljihunsa yake shiga.

Kamfanonin su ma ba su fita ba. Tun Janairun 2019 YouTube ya ce ya haramta zolaya da gasa masu haɗari, amma ga shi bayan shekara shida makarantu na cika da hayaƙi daga wani dandalin. Toshe kalmar bincike bayan abin ya gama yaɗuwa, ihu ne bayan hari. Ya kamata duk bidiyon da ke koyar da dabarar bogi a kan batir, caja ko soket a hana shi kuɗin talla tun ranar farko, a kuma rufe tashar da ta maimaita. Masu gyara na kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da takwarorinsu, waɗanda su ake kai wa wayoyin bayan sun ƙone, su fi kowa cancantar riƙa fitowa da gajerun bidiyo da Hausa suna nuna cikin wayar da aka yi wa irin wannan gwaji. Wanda kuma batirinsa ya riga ya kumbura ko yake wari, ya cire caja, kada ya danna shi ko ya huda, ya ajiye wayar a kan siminti a waje nesa da katifa da labule, sannan ya kai wa mai gyara a sauya batirin.