Masu Ɗanɗanon Giyar Inabi a Oregon da Dillalan Goro na Mariri

A ƙarshen kakar bara wani abokin aikina ya gayyace ni wata gonar inabi da ke kan tuddan Dundee, a kwarin Willamette na jihar Oregon a Amurka, tafiyar kusan awa guda a mota daga birnin Portland. Sana'ata gwajin ƙasar noma ce, kuma masu gonar sun daɗe suna aiko mana da ƙasarsu muna aunawa, don haka na ji nauyin ƙin amsa gayyatar, ko da yake na shaida masa tun farko cewa ni Musulmi ne, ba na shan giya, kallo kawai zai kai ni. Na san akwai masu cewa zaman ma bai kamata ba, kuma ba zan yi jayayya da su ba.

An shimfiɗa farin ƙyalle a kan wani dogon teburi, aka jera kwalabe goma sha biyu, kowace an sa ta cikin jakar takarda an rubuta mata lamba, domin kada mai ɗanɗano ya ga sunan gonar da ta fito. A gaban kowane alƙalin ɗanɗano akwai kofunan gilashi masu faɗin ciki da tsukakken baki, da ruwan sha, da biskit marar gishiri na share harshe, da kuma ɗan bokiti. Mutum zai karkata kofin a kan farin ƙyallen ya ƙura wa launin ido, ya jujjuya shi, ya cusa hanci ya lumshe ido, sannan ya kurɓa, ya wurwura a baki kamar mai kuskurewa, ya tofar a bokitin, ya rubuta maki bisa ɗari. Duk abin da ke cikin kwalaben daga inabi iri ɗaya aka yi shi, wanda suke kira pinot noir, baƙin inabi mai siririyar fata da ba ya jure zafi, wanda asalinsa yankin Burgundy ne na Faransa. Waɗanda aka jera ranar kuwa daga wuraren da suke kira sabuwar duniya suka fito: Oregon, da gaɓar Sonoma a Kaliforniya, da Central Otago a New Zealand, da kuma Afirka ta Kudu.

Mutanen kwarin suna alfahari da tarihinsu, kuma suna da hujja. David Lett ya dasa wannan inabi a nan a 1965, lokacin da masana ke ganin sanyi da ruwan saman Oregon ba za su bar shi ya nuna ba. A 1979 giyarsa ta shekarar 1975 ta shiga sahun goma na farko a wata gasa a Paris, da aka sake karawa a garin Beaune na Burgundy a 1980 ta zo ta biyu, har Robert Drouhin, wani mai yin giyar inabi na Burgundy wanda ya shirya karawar, ya zo ya sayi fili a tuddan Dundee a 1987. Jar ƙasar da ake kira Jory, wadda ta samu daga duwatsun aman wuta, ita suke danganta ɗanɗanon da ita, kuma a wannan fanni ni ma ina da abin cewa.

Muna cikin wannan hira ce wata dattijuwa daga cikin alƙalan ta tambaye ni ƙasarmu, da na faɗa mata sai ta yi murmushi ta ce abin tausayi ne, domin wanda ya tashi inda ba a san giyar inabi ba bai samu horon harshe da hancin da zai bambance amfanin wata ƙasa da na wata ba. Ba da mugunta ta faɗa ba, kuma wannan ne ma ya sa maganar ta fi yi mini ciwo.

Duk tsawon hanyar komawa gida kasuwar goro ta Mariri da ke Kano nake tunawa. Dillalin da ke zaune a can ba ya bukatar a ɓoye masa suna a jakar takarda, domin goro ba ya zuwa da suna. Ana kwance huhu ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta, ya ɓare, ya gatsa, zai gaya maka ɗan Gwanja ne ko na Shagamu, sabo ne ko daushe, zai kai wata nawa a ganye kafin sankara ta kama shi, sannan ya ware marsa daga minu ba tare da ya ɗaga kai ba. Alƙalin Dundee idan ya yi kuskure, maki ne ya kuskure. Dillalin Mariri idan ya yi kuskure, jarinsa ne ya tafi, kuma kakanninsa a kan wannan sanin suka dogara suka yi watanni a hanyar Salaga ta ƙasar Gwanja da jakuna.

Harshen namu ma bai gaza ba. Na saurari alƙalan nan suna kewaye-kewaye, wannan ya ce yana jin ƙamshin jiƙaƙƙen ganye a ƙasan kurmi, wancan ya ce giyar tana busar da dasashi kamar shayin da ya daɗe a ruwa. Mu kalma ɗaya gare mu, bauri, kuma yaron da ya taɓa cin ɗanyar kanya ya san ta. Da suka zo kan giyar 2020, shekarar da hayaƙin gobarar daji ya lulluɓe kwarin a watan Satumba ya shiga jikin inabin, sai da suka yi jimloli uku kafin su iso inda Bahaushe zai ce ƙauri. Muna da gardi, da gafi, da yami, da maƙaƙi, da yauƙin da ke sa a raina hannun ruwa.

Gaskiya ce cewa sun fi mu tsari. Dokar Oregon ta ce sai kashi 90 cikin 100 na abin da ke kwalba ya zama pinot noir kafin a rubuta sunan a jiki, alhali dokar tarayya kashi 75 ta nema, kuma sun shata iyakar kowane tudu sun rubuta. Mu ba mu rubuta komai ba, har labuje na ƙasar Nufe, wanda sarakuna ke kyauta da shi, ya zama suna kawai a bakin dattawa. Amma rubutu ajiya ce, shi sanin yana bakin mai taunawa, kuma a nan ban ga abin da suka fi mu ba.

Abin da ban iya faɗa wa dattijuwar ba shi ne, ni kaina wannan sanin bai iso gare ni ba. Mahaifina yakan aike ni sayen goro, ya gatsa ya mayar mini ya ce an cuce ni, ni kuwa hankalina yana kan littafi. A satin da ya biyo baya na je wani kantin kayan Afirka a Portland na sayi guda biyar a leda, masu sanyin firji, duk sun fara yaushi. Na tambayi mai kantin daga ina aka kawo su, ya ce daga Afirka. Na zauna a mota na ɓare ɗaya na tauna, na daɗe ina jiran bakina ya gaya mini garinsa, bai gaya mini ba.