Kun karɓi kuɗin kati, kun ƙi taɓa mesata

Kafin wani ya ce wa ya aike ni kiwon maciji, na riga na ji. Surukata ta faɗa, maƙwabta sun faɗa, yaran layinmu a Tudun Wada har Gardi suke kirana. Duk na shanye. Abin da ya ƙi wuce mini a wuya shi ne abin da aka yi mini ranar Litinin, a wani wuri da ya kafa ƙaton allo cewa yana duba kowace irin dabba.

Shekara huɗu ke nan mesar tana hannuna. A motar doya ta zo daga Binuwai, 'yan dako a kasuwar Sabon Gari har sun ɗauko sanduna, ita kuwa ta naɗe kamar gammo ta cusa kanta a tsakiya. Na ba su na goro, na sa ta a buhu. Irin ƙaramar mesar nan ce da da ƙyar take wuce mita ɗaya da rabi, ba ta da dafi, in ta tsorata dunƙulewa take yi. Irinta ake kwasa daga Togo da Ghana da Jamhuriyar Benin ana kai wa Turawa su yi kiwo a ɗaka, kuma in ta samu kulawa tana iya kai shekara 30. Dabbar ƙasarmu ce, amma sai ka rantse daga duniyar wata na ɗauko ta.

Maciji ba ya haɗa ɗumin jikinsa da kansa, aro yake yi daga inda yake kwance, kuma cikinsa ba ya narka abinci sai da wannan ɗumin. Shi ya sa nake riƙe gefe ɗaya na akwatinta a digiri 31 zuwa 32, ɗaya gefen wajen 26, da ɗan faifan ɗumama mai amfani da lantarki a ƙarƙashi. Ranar Laraba da yamma na ba ta farin ɓera ɗaya, cikin waɗanda nake saya wajen masu kiwonsu a Samaru. A daren aka ɗauke wuta. Kwana uku ko ƙyaftawa ba ta yi ba, ga hunturun Janairu, wanda duk ɗan Zariya ya san yadda yake shiga ƙashi da asuba. Ma'aunin da ke cikin akwatin ya sauka har 17. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya zama kayan ado a gidana. Sai na koma dafa ruwa a kan gawayi, in zuba a gora, in naɗe da tawul in ajiye mata. Dare na farko na tashi sau uku. Na biyu barci ya sace ni.

Wannan kam laifina ne, kuma na ɗauka. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Bai kamata in ba ta abinci a tsakiyar sanyi ba alhali ban da tabbacin wuta.

Asabar da safe wari ne ya tashe mu. Ta amayar da ɓeran, rabinsa ya narke rabi na nan da gashinsa, lulluɓe da yauƙi, ya ruɓe a cikinta saboda ba zafin da zai narkar da shi. Uwargida ta kwashi yara ta koma ɗakin baya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: daren Lahadi na ji numfashinta yana wani ɗan fito, na haska tocila, ga kumfa a gefen bakinta, ta ɗaga kai sama ta buɗe baki. Maciji ba ya iya tari. Majinar da ta taru masa a huhu ba ta da hanyar fita cikin sauƙi, don haka abin da mu za mu kira mura, shi yana iya zama ajalinsa.

Da sassafe na sa ta a rigar matashi, na rungume ta cikin jaket don kada iska ta buge ta, na hau acaɓa. A bakin ƙofa na ce wa mai karɓar kuɗi maciji ne. Ta ce ba komai, in biya na kati. Naira 5,000, ga rasit nan a aljihuna har yanzu. Aka tura ni wajen wani saurayi mai farar riga. Ina kwance bakin rigar matashin ya yi tsalle ya haye benci.

"Alhaji, don girman Allah rufe! Rufe!"

Na ce masa ba ta da dafi. Ya ce shi dai in rufe. Na tambayi likita, aka ce ya fita. Awa biyu ina zaune a baranda, iska na kaɗawa, marar lafiyar da sanyi ya kayar tana ƙara shan sanyi. Daga ƙarshe saurayin ya kira likitan a waya, suka yi 'yar dariyarsu ina ji, ya shiga ciki ya fito da ƙullin garin maganin kaji, ya ce in riƙa zubawa a ruwan shanta. Ba a ɗora ta a sikeli ba. Ba a buɗe bakinta ba. Ba wanda ya tambaye ni yaushe ta ci, me ta ci, nawa zafin akwatinta. Dabbar da za ta yi kwanaki ba ka ga ta sa baki a ruwa ba, ta yaya za a auna mata magani a kwanon sha? Sannan ya ɗora da shawarar da ta sa jikina rawa: wai in samo mata wani ɓeran yau-yau, ko madara, ta samu ƙarfi.

Madara! Kuma ɓera a kan amai! Duk wanda ya riƙe irin wannan dabba ya san bayan amai maƙogwaronta a ƙone yake da ruwan ciki mai tsami, sai an bar ta kamar mako biyu ba abinci, sannan a fara da ɗan ƙarami. Ka yi gaggawa ta sake amayarwa, daga nan sai rama, sai mutuwa. Da ban san wannan ba, da na biya kuɗi an koya mini yadda zan kashe ta da hannuna.

Ban zargi kowa don ya ji tsoro ba. A ƙasar da kububuwa da gamsheƙa ke hallaka manoma, tsoron maciji hankali ne. Ku ce ba kwa duba macizai, in juya tun daga ƙofa. Amma ku karɓi kuɗi, ku zaunar da ni, ku sallame ni da maganin kaji, in ce a mayar mini da kuɗina a ce kati ba ya dawowa? Da ragon layyar wani mai kuɗi ne ko karen gadinsa, da likitan ya baro duk inda yake. Kuma a Zariya, garin da Jami'ar Ahmadu Bello ke yaye likitocin dabbobi shekara da shekaru, a ce an bar wuri a hannun yaron da ke hawa benci.

Wata ɗaliba da ke haya a gidanmu ce ta haɗa ni da wata matashiyar likita, ta zo har gida. Ta wanke hannu, ta auna ta, kilo 1.3. Ta buɗe bakin a hankali tana neman ja ko ruɓa a dasashi, ta shafa cikin daga wuya zuwa wutsiya ko akwai abin da ya toshe, ta duba ƙarƙashin ɓawon jikin ko da kaska. Ta ce in ta yi kashi in kai mata a gwada tsutsa, tunda asalinta ta daji ce. Allura ta yi mata daidai nauyinta, sai bayan kwana uku ake maimaitawa. Ta sa na ajiye jiƙaƙƙen tawul a maɓoyarta saboda bushewar hunturu na hana saɓa fita gaba ɗaya, ta kuma ja mini kunne a kan ɓerayen gida da maƙwabcina ke kawo mini kyauta, don ba a san wanda ya ci guba ba. Da za ta tafi ta ce, "Baba, maganin rabi ne, rabin ɗumi ne. Kuma ku riƙa wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa yara."

Yau kwana tara. Fiton ya ragu, kumfar ta tafi, ba ta ci komai ba tukuna. Jiya da daddare an sake ɗauke wuta, butar tana kan gawayi yanzu haka. Gobe in Allah ya kai mu zan koma da rasit ɗina da ƙullin maganin kajinsu, ko buɗe shi ban yi ba.