Wankan daji

Likita ce ta ce jinina na neman hawa, in rage zama, in riƙa tattaki. Ni kuma na taɓa karanta cewa tun 1982 mutanen Japan suka raɗa wa wani abu suna shinrin-yoku, wato wankan daji: ka shiga cikin itatuwa ka yi ta shaƙar iska, ba soso ba sabulu. Na ce to, wannan wankan da ni ya dace.

Na jira hunturu ya kaɗe jiki, itatuwa suka fara toho. Rannan da sassafe na zura sababbin takalmana farare tas. Uwargida ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Allah ya tsare, maigida." Ashe da takalman take.

Minti 20 na farko kam ba a magana. Ganye sabo kore shar, rana na ratsa shi, tsuntsaye na ta rera waƙa kamar ana biyansu. Na tsaya gindin wata ƙatuwar bishiya ina yi mata godiya a zuci, tunda ita ke zuƙe iskar da na fitar ta mayar mini da mai kyau, kuma ba ta taɓa cewa in biya ba. Sai na buɗe hanci na ja numfashi iya ƙarfina.

Abin da ban karanta ba shi ne, a daidai wannan lokacin ne itatuwa da yawa ke sakin garin furensu. Ba sa jiran ƙudan zuma, iska ce 'yar aikensu, hancina kuma ya tare saƙon a hanya. Atishawa 11 na ƙirga a jere. Tsuntsayen suka yi tsit. Ina hawaye na jingina da wata bishiya don in dawo hayyacina, da na zo tashi sai rigata ta ƙi. Ƙaro ne. Da shi bishiya ke liƙe ciwonta ta kuma kama ƙwari, ni ban san a wane layi ta saka ni ba.

Na ce a koma gida. Sai dai kowace bishiya kamar an tsaga kara da 'yar'uwarta, waya kuma ba sabis. Busassun ganyen da ke ƙasa, waɗanda ake yabo don suna riƙe ruwan sama su ciyar da ƙasa, sun riƙe shi da gaske: na taka, ƙafar dama ta nutse, na zaro ta da safa kawai. Na laluba taɓon har gwiwar hannu, shiru.

Sau uku ina wuce wani kututture. A na ukun na zauna a kai na ƙirga zoben jikinsa, tunda kowane ɗaya shekara ce. Na samu 43. Sa'ana ne ma, shi har an sare shi ya huta.

Can sai ga wata tsohuwa da karenta. Na ce, "Mama, don Allah ina hanyar fita?" Ta nuna bayana da sanda. Motata ce ke leƙo ni ta tsakanin rassa.

Da na shiga gida ina ɗingishi, uwargida ta kalli ƙafata ta ce, "Ina ɗayan?"

Na ce, "Bai gama wanka ba."