Bokiti ba tanki ba ne

To madalla, sai a tafa wa "injiniyanmu" na Zango. Kun ga bidiyon, ba sai na maimaita ba: ya ajiye wa dattijo akwati a bayan firji, ya ce sufakafasita ce, wato wata na'urar tara wutar lantarki, minti biyu ta cika, an yi sallama da dumsor, wato yawan ɗauke wutar nan na Ghana. Jiya da magariba aka ɗauke wuta a unguwar Aboabo da ke Kumasi. Kafin liman ya sallame, akwatin ya riga mu gidan gaskiya. Dattijon nan kawuna ne, kuɗin kuma na goronsa ne da ya tara.

Jama'a, sufakafasita ba batir ba ce. Bokiti ce. Ka cika ta tashi ɗaya, ka sheƙar tashi ɗaya. Batir shi ne tanki mai siririn famfo, ya daɗe bai cika ba, ya daɗe bai ƙare ba. Wa ya taɓa shayar da gida guda kwana biyu da bokiti ɗaya?

Ga lissafi ga masu gardama. Wadda aka fi sani, mai farad 3000 da bolt 2.7, girmanta kamar gwangwanin lemo, wutar da take riƙewa wajen wat-awa 3 ce (wat-awa shi ne ma'aunin wutar da aka tara). Batirin wayar da ke hannunka, in mai 5000mAh ne, ya kusa wat-awa 19. Wato sai ka jera gwangwani shida kafin su kamo wayarka. Fanka mai wat 50 kuwa, guda ɗaya ba za ta juya ta minti huɗu ba. Amma wai firji. Firji fa!

Tun safe ake cika mini waya da saƙo. "Ai a ƙasar Sin motocin bas da sufakafasita suke tafiya." Na sani, ɗan'uwa, tun 2006 ake yi a Shangai. Sai dai motar tana tsayawa tasha-tasha tana kurɓar wuta yayin da fasinja ke hawa. Ka ɗora ta kan hanyar Kumasi zuwa Tamale mu gani. Wani ya ce ai Tesla ta sayi kamfanin Maxwell mai ƙera su a 2019. Ta saya, motocinta kuma har gobe da batirin litiyam suke tafiya. Bokiti dai bokiti ne, ko wa ya saye shi.

Allah ya sani ni ba maƙiyin abin nan ba ne, shi ya sa raina ya ɓaci. Shekarata nawa ina gyaran wuta, kaɗan ne kayan da suka burge ni kamarsa. Batir yana aiki ne da sinadarin da ke cinyewa a hankali, caji dubu kaɗan ya tsufa. Sufakafasita kuwa wutar manne wa gawayin cikinta kawai take yi, don haka tana jure caji dubu ɗaruruwa. Inda ake son ƙarfi mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi, nan ne gidanta: tayar da injin babbar mota, kama ƙarfin da ke salwanta in an taka birki, buɗe ƙofar gaggawa ta jirgin Airbus A380. Da mutumin nan ya kai ta Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, wurin masu gyaran tirela, da ni zan fara yi masa talla. Amma ya kai wa tsoho mai son ruwan sanyi da azumi. Kuma ko ba ka taɓa ta ba, wutarta tana tsiyayewa fiye da ta batir. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kawu ne kaɗai aka ce masa randa ce.

Af, gawayin nan na cikinta, sau da yawa daga ƙoƙon kwakwa ake yin sa. Eh, wannan dai da masu kwakwa ke jibgewa bakin kwata a kasuwar Kejetia ta Kumasi har ya toshe ruwa da damina. Sirilanka da Filifin suna sarrafa nasu su sayar wa duniya. Shekaranjiya na taka ƙoƙon kwakwa ɗaya a gaban tashar trotro (ƙananan motocin haya), takalmina ya tsinke, na dawo gida da ƙafa ɗaya a ƙasa.