Ga Wanda Duniya Ta Yi Wa Zafi

'Yan uwana matasa, akwai maganar da take yawan fita daga bakinku wadda take tayar mini da hankali: "Ni kam tawa ta ƙare." Wanda ya faɗi jarrabawa ya faɗe ta, wanda ya gama karatu ya rasa aiki ya faɗe ta, wadda aurenta ya mutu ma haka. Don Allah ku daina yanke wa kanku hukuncin da Ubangiji bai yanke muku ba.

Ba wanda ya hana ku jin zafi. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari. Amma shi ɗin ne dai, a aya ta 87 ta Suratu Yusuf, ya ce wa 'ya'yansa su je su nemo labarin Yusuf da ɗan'uwansa, kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Hawaye na zuba, amma aike yake yi.

Ku dubi Manzon Allah (SAW) a shekara ta 10 da annabci. Baffansa Abu Ɗalib da yake ba shi kariya ya rasu, Nana Khadija da take kwantar masa da hankali ita ma ta rasu. Ya nufi Ɗa'ifa yana neman masu karɓar kira, suka sa aka yi ta jifansa har ya yi jini. A hanyar komowa mala'ikan duwatsu ya nemi izininsa ya haɗe duwatsu biyu a kan waɗanda suka ƙi shi. Ya ƙi, yana fatan Allah ya fitar da masu bauta masa shi kaɗai daga tsatsonsu. Wannan wurin yana ba ni mamaki ƙwarai, domin a ranar babu wata alamar nasara da ido zai gani. A shekara ta 9 bayan hijira, wakilan mutanen Ɗa'ifa da ƙafarsu suka zo Madina suka musulunta.

To kai ɗan'uwa, me kake yi da darenka? Ka kwanta da waya a hannu, kana duba hotunan sa'o'inka a Facebook da Instagram, kana auna cikinka da fuskar da suka zaɓa su nuna. Ba ka san bashin da ke kansu ba, ba ka san ciwon da suke ɓoyewa ba. Ajiye wayar nan. Gobe ka tashi da abu ɗaya da zai yiwu a hannunka, ko sake cike takardar neman aiki, ko zuwa wurin mai sana'a ka ce a koya maka. Ka nisanci majalisar da ba a hira sai ta kukan zamani.

Idan kuma damuwar ta ɗauki makonni tana hana ka ci da barci, ka faɗa wa wani babba da ka yarda da shi, ka kuma ga likita. Neman magani bai taɓa saɓa wa tawakkali ba, kuma ƙannenka mata da suke haɗiye nasu a ɗaki, ka tambaye su lafiyarsu su ma.